Ƙudirin taba da ya mutu a teburin shugaban ƙasa

Bayan ranar yaƙi da shan taba ta duniya, wadda ake yi kowace 31 ga Mayu, wani mai karatu daga Funtuwa ya aiko mana da tambaya: shin da gaske ne dokar Najeriya ta hana sayar da sigari kara-kara? In haka ne, me ya sa kowane mai tebur a bakin tasha yake da buɗaɗɗen kwali kusa da ashana da alewa, yaro ya miƙa kuɗi ya ce “wai a ba Baba kara biyu”, a zaro a ba shi ba tambaya?

Da gaske ne. Dokar taƙaita shan taba ta 2015 ta ce ba a sayar da sigari sai a kwali mai kara 20, ba a sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ba a kuma ɗora masa tallarta. Dalilin da ya sa dokar ba ta da ƙarfi a kasuwa yana cikin tarihin yadda aka haife ta.

Taba tsohuwar hanyar samun kuɗin gwamnati ce. Kamfanin taba na NTC ya kafa masana'anta a Zariya a 1959, manoman ƙasar Zazzau sun daɗe suna noma masa ganye, dattawa kuma ba su manta da taba mai zobe ba. Ba a samu dokar da ta dubi sigari ta fuskar lafiya ba sai a 1990, lokacin da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta fitar da dokar soja mai lamba 20. Mutumin da ya tsaya a kanta shi ne ministan lafiya, Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, likitan yara, yayan mawaƙi Fela, wanda ya riƙe ma'aikatar daga 1985 zuwa 1992. Dokarsa ta hana busa sigari a asibiti da makaranta da ofis da gidan silima da motar haya, ta kuma tilasta rubuta gargaɗin ma'aikatar lafiya a kwali da cikin talla. Daga nan ne masu sauraron rediyo suka saba jin cewa mashaya taba na iya mutuwa da ƙuruciyarsu. Tarar ta kama daga naira 200 zuwa 1,000. Amma ba a aiwatar da ita ba. A cikin shekarun nan ne ma kamfanonin taba suka riƙa ɗaukar nauyin manyan wasannin kaɗe-kaɗe a birane, matasa na tururuwa.

Da aka koma mulkin farar hula sai gwamnati ta kama hanya biyu a lokaci guda. A 2001 gwamnatin Obasanjo ta ƙulla yarjejeniya da kamfanin British American Tobacco kan zuba jarin dala miliyan 150, aka buɗe katafariyar masana'anta a Ibadan a 2003. Ita dai wannan gwamnati ce ta sa hannu kan yarjejeniyar Hukumar Lafiya ta Duniya ta taƙaita taba a 2004, ta tabbatar da ita a watan Oktoban 2005. A 2007 kuma jihohin Legas da Kano da Gombe suka maka kamfanonin taba a kotu suna neman diyyar kuɗin jinyar mashaya, gwamnatin tarayya ta bi sahu tana neman naira tiriliyan 5.3. Sun yi koyi ne da jihohin Amurka 46 da suka sa kamfanoni amincewa da biyan dala biliyan 206 a 1998. Namu shari'o'in suka maƙale a gardamar sammaci da hurumin kotu, shekara da shekaru.

A wannan yanayi Sanata Olorunnimbe Mamora, likita daga Legas, ya gabatar da ƙudirin da zai mayar da yarjejeniyar duniya dokar ƙasa. An yi zaman jin ra'ayin jama'a a watan Yulin 2009, kuma an kai ruwa rana. Ɓangaren kamfanoni suka ce ƙudirin zai rufe masana'antu, ya raba ma'aikata da manoman taba na yankin Oyo da abincinsu, ya bar kasuwa a hannun 'yan fasa-ƙwauri. Likitoci da ƙungiyoyin fafutuka, musamman Environmental Rights Action, suka ce abin da ƙasa ke kashewa a jinyar ciwon huhu da na zuciya da sankara ya fi harajin da take karɓa. Majalisar dattawa ta amince da ƙudirin a watan Maris na 2011. Majalisar wakilai ta bi baya ranar 31 ga Mayu, kwana biyu bayan rantsar da Shugaba Goodluck Jonathan. Masu fafutuka suka yi murna, suna ganin saura sa hannu kawai.

Sa hannun bai zo ba. Sashe na 58 na tsarin mulki ya ba shugaban ƙasa kwana 30 ya rattaba hannu ko ya ƙi, in ya ƙi kuma kashi biyu cikin uku na kowace majalisa na iya zartar da ƙudirin ba tare da shi ba. To amma wa'adin majalisa ta shida ya ƙare a farkon Yuni. Babu wanda ya rage da zai tsaya wa ƙudirin, aikin shekara uku ya bi ruwa.

Nan ne riwaya ta rabu biyu. Ta farko ta ce rashin sa'ar lokaci ne kawai: majalisa ta jibge ƙudirori da yawa a kwanakinta na ƙarshe, ba a naɗa ministoci ba tukuna, ƙasa tana fama da zafin rikicin bayan zaɓe, kuma ba ƙudirin taba kaɗai aka bari ya mutu ba. Ta biyu, wadda masu fafutuka suka riƙe, ta ce an danne shi ne saboda masu jari a taba suna da masu saurarensu a ma'aikatun kasuwanci da na kuɗi.

Riwaya ta farko tana da ƙamshin gaskiya, amma ba ta gamsar da ni ba. A cikin makonnin nan ne shugaban ya sa hannu kan dokar 'yancin samun bayanai, ranar 28 ga Mayu, kwanaki kaɗan bayan majalisa ta kammala ta, ya kuma sa hannu kan sabuwar dokar shaida a farkon Yuni. Abin da fadarsa ke so ya samu alƙalami. Sannan akwai abin da ya faru a baya. Shari'o'in Amurka sun tilasta wa kamfanonin taba fito da takardunsu na cikin gida, kuma masu bincike na Jami'ar Kalifoniya da ke San Francisco sun bi waɗanda suka shafi Najeriya, suka wallafa sakamako a 2017. Takardun sun nuna yadda kamfanonin, ta hannun wata majalisar ba da shawara da suka kafa mai suna TACON, suka yi ta kai gwauro suna kai mari wajen jami'an gwamnati don a sassauta dokar 1990, saboda tsoron kada sauran ƙasashen Afirka ta Yamma su kwaikwayi Najeriya. Waɗannan takardu ba su yi magana kan 2011 ba, gaskiya ne. Amma wanda aka gani yana rage wa dokar Olikoye ƙarfi, da wuya a ce ya naɗe hannu a kan ta Mamora, wadda ta fi ta tsanani nesa ba kusa ba.

Hujja ta uku tana cikin dokar da ta maye gurbin ƙudirin. A 2014 gwamnatin Jonathan ta aika nata ƙudirin majalisa, shugaban ya sa hannu ranar 26 ga Mayu 2015, kwana uku kafin ya miƙa mulki. Dokar tana da abubuwan yabo, amma an bar ƙofofi a buɗe. Ta yarda a keɓe wuraren shan taba a wasu gine-ginen jama'a, alhali hayaƙi ba ya tsayawa a inda aka shata masa. Ta ba ƙungiyar masu masana'antu kujera a kwamitin ƙasa na taƙaita taba, duk da cewa yarjejeniyar duniya ta buƙaci a nesanta muradun kamfanonin taba daga tsara manufofin lafiya. Mafi muni, ta ce ƙa'idojin aiwatarwa da ministan lafiya zai rubuta sai majalisun tarayya biyu sun amince da su. Wannan sharaɗi kaɗai ya ci shekara huɗu.

Abin da ya biyo baya ya zo a tsittsinke. A 2017 minista Isaac Adewole ya ba da sanarwar fara aiki da tanade-tanade tara da ba sa jiran ƙa'idoji, ciki har da hana sayar da kara-kara. A 2018 aka ɗora harajin naira ɗaya kan kowane kara, ya kai naira 2.90 a 2020. Majalisa ta amince da ƙa'idojin a 2019, hotunan gargaɗi da ke cin rabin kwali suka fara bayyana a 2021. Sai dai mai sayen kara ɗaya ba ya riƙe kwali balle ya ga hoton, kuma yawancin matasa da kara ɗaya suke farawa. A ƙarshen 2023 hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya ta sanar da tarar dala miliyan 110 a kan British American Tobacco, wadda kamfanin ya amince ya biya, a 2024 kuma hukumar tace fina-finai ta hana ƙawata shan taba a fim. A halin da ake ciki shisha ta cika wuraren shaƙatawa daga Kano zuwa Abuja, sigarin lantarki mai ƙamshin alewa yana shiga hannun 'yan makaranta, kuma dokar 2015, wadda aka rubuta kafin ya yaɗu a ƙasar nan, ba ta yi masa tanadi bayyananne ba.