Jijiyar da ba ta bin hanya ɗaya a kan kowa

Ɗora yatsanka a gefen kanka, tsakanin ido da kunne. Ƙashin wurin siriri ne, kuma manne da shi daga ciki akwai wata jijiyar jini da ke ciyar da tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa. Tantanin hawa uku ne, su ne sanƙarau ke kamawa, kuma na wajen, mai taurin, shi jijiyar ke shayarwa. Mu kira ta jijiyar tsakiya.

A littafin ɗaliban likitanci hanyarta ɗaya ce: ta taso daga jijiyar muƙamuƙi, ta shiga ta wani ɗan rami a gindin ƙoƙon kai, ta bazu kamar rassan bishiya. Likitocin tiyata na ƙarni na 19 sun haddace wannan taswira ne don dole. In aka bugi mutum a nan, ƙashi ya tsage ya yanke jijiyar, sai jini ya taru tsakanin ƙashi da tantani. Mutum ya farfaɗo, har ya yi hira, bayan 'yan sa'o'i ya sume. A 1886 Rudolf Krönlein na Zurik ya fayyace wuraren da za a huda ƙoƙo a iske jinin, shekara 9 kafin a gano hoton ƙashi.

To, amma masu fiɗar gawa sun riga sun san taswirar ba ta dace da kowa ba. A 1836 Josef Hyrtl, a Biyana ta Ostiriya, ya bayyana wata jijiya da ta ratsa tsakiyar ƙashin likkafa, ɗan mitsitsin ƙashin nan na cikin kunne mai siffar likkafar sirdi. A 1873 John Curnow na Landan ya ba da rahoton jijiyar tsakiya da ta taso daga jijiyar ido. Masu irin wannan, sau da yawa ko ramin gindin ƙoƙon ma ba su da shi, tunda babu abin da zai bi ta ciki. Aka rubuta, aka ajiye a matsayin abin al'ajabi kawai.

Wadda ta haɗa zaren labarin ba likita ba ce ma. Dorcas Padget mai zanen hotunan tiyata ce a Johns Hopkins da ke Amurka, a ƙarƙashin likitan ƙwaƙwalwa Walter Dandy. Ta bi yankakkun 'yan tayi na ɗakin ajiyar Carnegie ɗaya bayan ɗaya, a 1948 ta fitar da aikinta kan yadda jijiyoyin kai ke tsirowa. Abin da ya fito fili shi ne: ni da kai duk mun taɓa mallakar jijiyar Hyrtl. A makonnin farko na ciki ita ke ratsa likkafa ta rabu biyu, reshe ɗaya ya nufi tantani da kwarmin ido, ɗaya ya gangara muƙamuƙi. Daga baya jijiyar wuya ta waje ta karɓe rassan, gindin ya shanye. In gindin ya ƙi shanyewa, ka samu abin da Hyrtl ya gani, mutum na iya riƙa jin bugun zuciyarsa a kunne. In kuwa haɗin da muƙamuƙi ne bai ƙullu ba, sai tantani ya ci gaba da sha daga wajen ido. A ɓera kam, jijiyar likkafa tana nan har girma.

Za ka ce ina ruwan mara lafiya da wannan? Da can kusan babu. Yanzu fa akwai. Tsofaffi, musamman masu shan maganin tsinka jini, kan samu jini ya kwanta a hankali ƙarƙashin tantani bayan ɗan bugu, kuma ko an yi tiyata an zuƙe, yakan dawo. Dalili shi ne wata sabuwar fata da ke kewaye jinin, cike da ƙananan jijiyoyi masu yoyo, kuma jijiyar tsakiya ce ke ciyar da su. A 2000 likitoci a Japan suka ba da rahoton toshe ta: a zura siririn bututu ta cinya ko wuyan hannu har cikin kai, a tura abin toshewa. A 2024 manyan gwaje-gwaje uku suka fito. Biyu sun nuna amfani a fili, na ukun, da aka yi a Sin, bai nuna bambanci mai ƙarfi ba.

Nan ne tsohon rahoton Curnow ya zama batun ido. In jijiyar ta taso daga ta ido, ko tana da ɓoyayyen haɗi da ita, abin toshewar na iya kaucewa ya makantar da mutum. Akwai kuma ɗan reshe da ke ciyar da jijiyar motsin fuska, in aka toshe shi baki ya karkace. Shi ya sa kafin a tura komai sai an zuba rini an ɗauki hoton jijiyoyin wannan mutumin. In likita ya ga kwarmin ido ya haska tare da tantani, sai ya wuce mahaɗar da bututunsa, ko ya fasa aikin a wannan gefen.