Battersea ta Arewa: Mazaɓar Landan da Ta Tura Ɗan Kwaminis daga Bombay Majalisa

A zaɓen watan Oktoban 1924, jam'iyyar Conservative ta yi wa abokan hamayyarta kaca-kaca a faɗin Birtaniya. Kwana huɗu kafin zaɓen, jaridar Daily Mail ta buga wata wasiƙa da aka jingina wa Zinoviev, ɗaya daga cikin jagororin kwaminis na Tarayyar Sobiyet, wadda daga baya ta tabbata ta jabu ce. Tsoron kwaminisanci ya cika ƙasa. Amma a wata mazaɓa ta ma'aikata da ke kudu da Kogin Thames a birnin Landan, masu zaɓe suka tura Shapurji Saklatvala majalisa: haifaffen Bombay, kuma ɗan Jam'iyyar Kwaminis a fili. Shi kaɗai ne ɗan kwaminis a wannan majalisar.

Sunan mazaɓar Battersea ta Arewa. An ƙirƙire ta a 1918, aka rushe ta a 1983. Shekarunta 65 sun isa a ga yadda ikon tsayar da ɗan takara ya suɓuce daga hannun mutanen unguwa ya koma hannun uwar jam'iyya, da kuma yadda mazaɓa ke mutuwa idan sana'ar da ta tara mutanenta ta watse.

Unguwar hayaƙi

Battersea ta wancan zamani unguwar layin dogo ce da masana'antu. Akwai manyan garejin jiragen ƙasa a Nine Elms, da masana'antar kyandir ta Price's, da ta Morgan Crucible a bakin kogi. Ma'aikatan waɗannan wurare suna da ƙungiyoyin ƙwadago masu ƙarfi, kuma ƙungiyoyin suna da majalisa guda da ke haɗa su da ƙungiyoyin siyasa na masu ra'ayin sauyi. Wannan majalisa ce ke yanke wanda za a tsayar, ita ce kuma ke bi gida-gida ranar zaɓe. Tun 1892 suka tura John Burns, ɗaya daga cikin jagororin yajin aikin ma'aikatan tashar jiragen ruwa na 1889, ya wakilci Battersea. Ya kai matsayin minista, ya ajiye muƙamin a 1914 saboda adawarsa da shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya.

A cikin wannan gida aka reni John Archer. An haife shi a Liverpool a 1863, mahaifinsa ɗan Barbados, mahaifiyarsa 'yar Ireland, sana'arsa ɗaukar hoto. Ya zama kansila a 1906. A watan Nuwamban 1913 kansiloli suka zaɓe shi magajin garin Battersea da ƙuri'a 40 a kan 39, ya zama baƙar fata na farko da ya riƙe irin wannan muƙami a Landan. A 1918 ya zama shugaban ƙungiyar African Progress Union, ya kuma halarci taron haɗin kan baƙar fata na duniya a Paris a 1919. Archer bai taɓa shiga majalisar ƙasa ba, amma shekara goma sha ɗaya na farkon mazaɓar ba za su fahimtu ba sai da shi.

Zaɓe biyar, mutum ɗaya a bayan fage

Dokar zaɓe ta 1918 ta ba dukkan maza masu shekara 21 ƙuri'a, tare da mata masu shekara 30 da suka cika sharaɗin mallaka, ta kuma raba Battersea gida biyu. A zaɓen farko jam'iyyar Labour ta tsayar da Charlotte Despard, dattijuwa mai shekara 74, 'yar gwagwarmayar ƙuri'ar mata wadda ta daɗe tana zaune cikin talakawan Nine Elms. Archer ya mara mata baya. Guguwar gwamnatin haɗaka ta Lloyd George, wadda ta ci yaƙi, ta fi ƙarfinsu, Richard Morris ya lashe kujerar.

Sai Saklatvala ya shigo. Gidansu gidan arziki ne: mahaifiyarsa 'yar'uwar Jamsetji Tata ce, wanda ya kafa kamfanin Tata. Ya zo Ingila a 1905, ya yi wa kamfanin aiki, amma zuciyarsa ta karkata ga ma'aikata da 'yancin Indiya, har ya shiga Jam'iyyar Kwaminis a 1921. A lokacin babu dokar da ta hana mutum zama ɗan kwaminis kuma ɗan Labour a lokaci guda. Reshen Battersea ya tsayar da shi, Archer ya jagoranci yaƙin neman zaɓen, ya ci a 1922. Shi ne Ba'indiye na uku da ya shiga majalisar, bayan Dadabhai Naoroji a 1892 da Mancherjee Bhownaggree a 1895.

Masu zaɓen Battersea kusan dukkansu Turawa ne ma'aikata. Ba ƙuri'ar 'yan'uwansa Indiyawa ce ta kai shi ba, domin babu su da yawa a unguwar. Abin da ya kai shi shi ne amincewar ƙungiyoyin da mutane suka sani, waɗanda suka tsaya musu kan gidaje da albashi da tallafin marasa aiki. Tazarar kuma ba ta da faɗi. A 1923 Henry Hogbin na jam'iyyar Liberal ya kayar da shi da ƙasa da ƙuri'a 200. A 1924 uwar jam'iyyar Labour ta hana 'yan kwaminis tsayawa da tutarta, reshen Battersea ya yi kunnen uwar shegu da umarnin, ya mara wa Saklatvala baya, ya dawo da kujerar da 'yan ɗaruruwan ƙuri'u.

A majalisa ya zama muryar ƙasashen da ke ƙarƙashin mulkin mallaka, kuma ya ɗanɗana kuɗarsa. Amurka ta hana shi shiga ƙasarta a 1925. A lokacin yajin aikin gama-gari na 1926 aka ɗaure shi wata biyu saboda jawabin da ya yi a Hyde Park. Bayan ziyarar da ya kai Indiya a 1927, gwamnati ta hana shi komawa ƙasar haihuwarsa.

Rabuwar kai

Uwar jam'iyya ba ta yafe taurin kan Battersea ba. A 1926 ta soke rajistar reshen, aka kafa sabo mai biyayya. Nan Archer ya tsaya a mararraba: abokinsa ko jam'iyyarsa. Ya zaɓi jam'iyya, ya taimaka wajen gina sabon reshen. Su ma 'yan kwaminis, bisa umarnin Mosko a 1928, suka ɗauki Labour a matsayin abokiyar gaba. Ƙawancen da aka ɗinka a unguwa, hedikwatoci biyu suka yage shi daga nesa.

A zaɓen 1929 Archer ya jagoranci yaƙin William Sanders na Labour a kan mutumin da ya kai majalisa sau biyu. Sanders ya ci, Saklatvala ya zo na uku. Archer ya rasu a 1932, Saklatvala a 1936.

Daga nan tarihin mazaɓar ya lafa. Arthur Marsden na Conservative ya karɓe ta a guguwar 1931, Sanders ya maido da ita a 1935, kuma Labour ba ta sake rasa ta ba. Francis Douglas ya gaje shi a zaɓen cike gurbi na 1940, sannan ya ajiye kujerar a 1946 don ya zama gwamnan Malta. Kujerar da ta fi kowace kai ƙarar mulkin mallaka ta fitar da gwamnan mulkin mallaka. Wanda ya maye gurbinsa, Douglas Jay, masanin tattalin arziki ne daga jami'ar Oxford, hadimin Firayim Minista Clement Attlee. Ya riƙe kujerar shekara 37, ya yi ministan kasuwanci daga 1964 zuwa 1967, ya yi suna wajen adawa da shigar Birtaniya kasuwar tarayyar Turai. Mazaɓar da ke ƙirƙiro nata 'yan takara ta zama amintacciyar kujera ga manyan jam'iyya.

Yadda ta mutu

A Birtaniya hukumar shata iyakoki kan sake zana mazaɓu bisa yawan masu rajista. Bama-baman Yaƙin Duniya na Biyu, da rushe tsofaffin gidaje, da rufe masana'antu ɗaya bayan ɗaya, sun rage mutanen Battersea ƙwarai. A 1965 aka narkar da ƙaramar hukumarta cikin Wandsworth, majalisar da Archer ya shugabanta ta ɓace. A 1983 aka haɗe arewa da kudu suka koma mazaɓa guda. A wannan shekarar ce kuma babbar tashar lantarki ta Battersea, mai dogayen bututun hayaƙi huɗu, ta daina aiki.

Masu hali suka fara sayen gidajen ma'aikata, siyasa ta bi su. A 1987 John Bowis na Conservative ya ƙwace sabuwar mazaɓar daga Alf Dubs na Labour. A wannan zaɓen ne wasu unguwannin suka tura Diane Abbott da Bernie Grant da Keith Vaz da Paul Boateng, mai tsatson Ghana, majalisa, shekara 58 bayan faɗuwar Saklatvala. A yau ofishin jakadancin Amurka ne a Nine Elms, tashar lantarkin kuma ta koma kantuna da gidaje masu tsada da ofisoshin Apple. A 2017 Battersea ta zaɓi Marsha de Cordova, baƙar fata 'yar Labour, shekara 104 bayan ƙuri'a ɗayar da ta ɗora Archer kan kujerar magajin gari.