Gidan Samari Na Herrnhut Da Abin Da Ya Koya Mana

Gardamar da muke yi a gidajenmu kan yawan 'yancin da ya kamata a ba matashi ta daɗe a cikin ikilisiya. Bari mu duba yadda waɗansu masu bi a Jamus suka yi da ita.

A 1722 waɗansu 'yan gudun hijira daga Morabiya, waɗanda aka tsananta musu saboda bangaskiya, suka sami mafaka a gonar wani basarake, Zinzendorf, a yankin Saksoni. Suka kafa ƙauye mai suna Herrnhut. Shekaru biyar suna ta jayayya kan koyarwa, sai ranar 13 ga Agusta 1727, wurin cin Jibin Ubangiji a majami'ar Berthelsdorf, suka tuba suka sulhunta.

Daga nan zamansu ya sake. A 1728 samari marasa aure suka koma gida ɗaya. Tare suke ci, tare suke addu'a, a nan kuma suke koyon sana'a kamar saƙa da kafinta. A 1730 aka zaɓi Anna Nitschmann, yarinya 'yar shekara 14, ta zama shugabar mata, kuma ranar 4 ga Mayu ita da 'yan mata 17 suka yi alkawarin miƙa rayuwarsu ga Kristi. A 1732 Leonhard Dober, maginin tukwane mai shekara 26, ya tafi tsibirin St. Thomas don kai bishara ga bayi. Waɗanda aka ba amana da ƙuruciya, su ne suka ɗauki aikin.

Amma tsarin yana da nasa lahani. A Herrnhaag, wata unguwar tasu, samari a ƙarƙashin Christian Renatus, ɗan Zinzendorf, suka zarce cikin bukukuwa da koyarwar da ta kauce, har mahaifinsa ya aika da wasiƙar tsawatarwa a 1749. A Baitalami ta Amurka kuwa, wadda suka kafa a 1741, ana raba yara da iyayensu tun suna ƙanana a kai su gidan reno. A 1762 aka soke zaman tarayyar dukiya, iyalai suka fara komawa gidajen kansu.

Wannan tarihi ya nuna mana haɗari biyu. Idan muka ba matasa ɗaki babu dattijo a kusa, za su iya ɓata. Idan kuma muka ƙwace su daga iyaye da sunan ikilisiya, mun rushe abin da Allah ya kafa. Mu ma mun san ɗakin samari a bakin zaure: yaro yana da ƙofarsa, amma daga tukunyar gida yake ci, babansa kuma yana jin shigarsa da fitarsa.

A Luka 2:41-52, Yesu yana ɗan shekara 12 ya zauna cikin malamai a Haikali, sa'an nan ya koma Nazarat yana yi wa iyayensa biyayya. Saboda haka, iyaye da dattawa, mu ba matasa mabuɗin ɗakin taro, mu damƙa musu aiki na gaske. Ku kuma matasa, ku bar ƙofar a buɗe ga mai yi muku gyara.

Ubangiji ya ba mu hikima. Amin.