Ƙyallen Bakin Tulu

Garin Matankari na ƙasar Nijar na zaune ne a cikin Dallol Mawri, tsohon kwarin da ya ratsa ƙasar Arewa ya gangara ta Dogon Dutsi da Tibiri ya nufi Gaya. Kogin da ya haƙa kwarin ya ƙafe tun dubban shekaru, amma ya bar ruwa kusa a ƙarƙashin rairayi. Shi ya sa garuruwa suka jeru a cikinsa: rijiyar kwari ba ta cin igiya da yawa, ta kan tudu kuwa sai guga ya yi doguwar tafiya.

Sai dai manomi ba a gindin rijiya yake yin damina ba. Da ruwa ya sauka, gona mai nisa ta ja shi, abin sha kuma shi ne na tabki mafi kusa, ja wur da laka. Mata na da dabarunsu tun kaka da kakanni. A zuba ruwa a randa ya kwana, laka ta kwanta, randar kuma ta sanyaya shi. Idan akwai haki ko ƙwari, a shimfiɗa gefen mayafi a bakin tulu a tace. Ruwa ya yi garau a ido, a ɗauki moɗa a sha.

Abin da ido ba ya kamawa shi ya daɗe yana kwantar da mutanen Sahel: kurkunu. A cikin ruwan tabki akwai wasu ƙananan ƙwari da ba su wuce ɗigon alƙalami ba, su ke haɗiye 'ya'yan tsutsar kurkunu. Wanda ya sha su ba zai ji komai ba sai bayan kimanin shekara, sannan ƙafa ta yi bororo mai zafi kamar wuta, tsutsa mai kusan tsawon mita guda ta leƙo. Mai ciwo ya tsoma ƙafar a tabki don ya sami sauƙi, tsutsa ta zubar da dubban 'ya'ya, zance ya koma farko. Ba allura, ba ƙwaya. Sai a naɗe ta a tsinke, ana ja kaɗan-kaɗan har makonni, daidai lokacin noman hatsi. 'Yan ƙabilar Dogon na ƙasar Mali suna kiran ciwon da cutar rumbu wayam, kuma duk manomin da ya taɓa kwanciya a watan noma ya san sun faɗi gaskiya.

Tun wajen 1870 wani masani ɗan Rasha, Alexei Fedchenko, ya gano cewa ƙwarin nan ne gadar da tsutsa ke bi ta shiga mutum. Abin takaici, sai da aka shafe fiye da shekara ɗari kafin sanin ya iso bakin tulu. A 1986, lokacin da cibiyar tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter ta shiga yaƙi da kurkunu, an ƙiyasta mutum miliyan 3.5 ke kamuwa a shekara. Ƙidayar da Nijar ta yi a 1991 ta samo kusan mutum 33,000, yankin Damagaram ne kan gaba.

Makamin da aka kawo ƙauyuka bai wuce abin da mata suka sani ba, sai dai an zaɓi ƙyallen da kyau. Tsohon mayafi saƙarsa ta buɗe, ƙwari na wucewa. Akoko na tare su, amma laka na toshe shi nan da nan, mai ɗiba ta gaji ta yar. Wanda ya karɓu shi ne yadin nailan mai ƙananan idanu, wanda kamfanin DuPont ya bayar kyauta tun daga 1990: ruwa na bi da sauri, ƙwari na tsayawa. Aka ɗinka shi da zariya yadda zai kama bakin tulu. Makiyaya da matafiya kuma aka ba su ɗan bututu mai rariya a gindi, su rataya a wuya, su zuƙi ruwa ta cikinsa.

Kula da ƙyallen ita ce ainihin aikin, kuma a hannun mata ta faɗa. Fuskar da ta kalli sama yau ita za ta kalli sama gobe, don in aka kife shi, abin da ya tare jiya zai zube cikin tulu. Bayan tacewa a cire shi a hankali, a ɗauraye da ruwan da aka riga aka tace, a shanya. Kafin amfani a ɗaga shi wajen rana. Ƙofa ko da ta tsinin allura ce, ƙyalle ya tashi aiki. Yin haka kullum, da goyo a baya da daka na jira, ba ƙaramin abu ba ne, ga shi ba a cika ambaton matan ba idan ana rabon yabo.

An haɗa da gina rijiyoyi da famfuna, da zuba maganin Abate mai kashe ƙwarin a tabkuna, da hana mai ciwo shiga ruwa. A 2008 aka ga mutum na ƙarshe da ya kamu a cikin Nijar, a Disamban 2013 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar ƙasar ta rabu da kurkunu, rana ɗaya da Najeriya. A maƙwabciya Cadi har yanzu tsutsar na ɓulla, galibi a ƙafafun karnukan ƙauyukan masunta na bakin kogin Shari.