Halin Krishna: Tambayar da Mabiya Hindu Suka Fara Yi wa Kansu

Littafin Bhagavata Purana, wanda masana da yawa ke cewa an kammala shi wajen ƙarni na 9 ko na 10, ya ba da labarin yadda Krishna ya yi rawa da dare da matan makiyaya, waɗansunsu matan aure. Cikin littafin nan kansa Sarki Parikshit ya tambayi malami Shuka yadda mai kare gaskiya zai taɓa matan mutane. Shuka ya amsa cewa irin waɗannan masu iko kamar wuta suke, tana cin kome ba ta ƙazantu, amma ɗan adam da ya kwaikwaye su zai hallaka, kamar wanda ya sha gubar da Shiva ya sha.

Wannan gargaɗi bai hana ɓarna ba. A 1860 wani ɗan jarida a Bombay, Karsandas Mulji, ya rubuta cewa waɗansu shugabannin ɗariƙar Vallabha suna lalata da mata mabiyansu, suna fakewa da cewa su wakilan Krishna ne. Ɗaya daga cikinsu, Jadunathji Maharaj, ya kai shi ƙara don ɓata suna, yana neman rupi 50,000. A 1862 kotu ta yarda cewa Mulji ya faɗi gaskiya.

Bayan wannan, masu gyara suka bi hanyoyi dabam-dabam. Dayananda Saraswati, wanda ya kafa ƙungiyar Arya Samaj a 1875, ya ƙi littattafan Purana, ya koma ga Veda. Bankim Chandra Chatterjee kuwa, cikin littafinsa Krishnacharitra na 1886, ya ce labaran soyayyar ƙari ne da aka yi daga baya. Masu ibada da yawa suka riƙe labarin a matsayin misali na rai mai barin kome domin ƙaunar ubangijinsa.

Mu da ke shirin kiwon ikkilisiya, kada mu karanta wannan da ba'a. Mu ma muna da wurare masu wuya cikin Littafi Mai Tsarki, kamar yaƙe-yaƙen Joshuwa, kuma membobinmu za su tambaye mu. Abin da shari'ar Bombay ta nuna shi ne, fassarar da ta ɗaga shugaba sama da dokar da ke kan mabiyansa, marasa ƙarfi ne ke biyan kuɗinta. Saboda haka duk lokacin da muka buɗe nassi mai wuya, mu tambayi kanmu: wa wannan fassara take karewa, wa kuma take cuta?