Kayan fata na hawan moto: yadda ake gane na kirki, da wanda za a fara saye

Duk wanda ya taɓa zuwa gaida ɗan uwa da ya faɗi da moto ya san abin da kwalta ke yi wa jikin mutum. Karaya dai an san maganinta. Amma fatar da titi ya kankare daga tafin hannu, ko gwiwa, ko idon sawu, ita ce ke ɗaukar makonni tana ruwa, mutum ya kasa riƙe hauya, ya kasa riƙe kan moto, cefanen gida ya tsaya. Moto kuwa a wurinmu abin neman abinci ne: ɗan kabu-kabu, malamin da ke zuwa makarantar ƙauye kullum safiya, ɗan kasuwa mai bin kasuwannin mako, duk a kansa suke. Shi ya sa muka tattara muku bayani kan kayan fata na kariya, don mai hawa a nan gida da kuma ɗan uwan da ke waje yana son aiko da tsaraba mai amfani.

Me fata ke tsarewa

In mutum ya faɗi, abu biyu ke samun sa: buguwa da ƙasa, sannan gurzuwa a kan titi. Moto mai gudun kilomita 50 a awa yana cin kusan mita 14 a daƙiƙa ɗaya, kuma da wannan gudun ne jiki ke fara jan ƙasa. Shadda da yadi ba sa jure wannan ko kaɗan. Wandon jins ma, da ake gani da ƙarfi, yakan huje kafin daƙiƙa ɗaya ta cika. Tufafin roba irin na ƴan ƙwallo sun fi muni, don zafin gurzuwa na narkar da su su liƙe a ciwo. Fata mai kauri ita ce ke cinyewa a hankali, titi ya ci ta maimakon ya ci naka jikin.

To amma fata ba ta tare buguwa. Wannan aikin ƴan ƙullutun roba ne da ake sawa cikin riga a kafaɗa, da gwiwar hannu, da baya, a wando kuma a gwiwa da kwankwaso. Rigar da ba ta da su, rabin aiki take yi.

Ba kowace fata ba ce ta kariya

Yawancin rigunan fata da ake gani a bosho, wato gwanjo, na ado ne. Da fatar tunkiya mai laushi ake ɗinka su, siririya ce, kuma ɗinkinta layi guda ne, ja ɗaya ya farke. Wasu ma ba fata ba ne, roba ce aka shimfiɗa bisa ƙyalle, abin da masu faransanci ke kira simili. Ana gane ta in an duba bayanta: fata ta gaske bayanta kaushi ne mai ɗan gashi-gashi, ta ƙarya kuwa saƙar zare za ka gani, kuma in ta kwana biyu cikin ranarmu sai ta fara ɓarewa kamar ɓawon albasa.

Rigar moto ta kirki galibi da fatar saniya ake yin ta, kaurin milimita 1,2 zuwa 1,4. In kana son kwatance, katin da ake ɓalle sim daga jikinsa, haɗa guda biyu, to kusan nan ne. Tana da nauyi a hannu. Ɗinkin kafaɗa da na hannuwa ninki biyu ne ko uku, ɗaya a ɓoye daga ciki yadda titi ba zai tsinka shi ba. Rigar da aka harhaɗa da ƙananan gutsattsari da yawa a guje ta, don kowane ɗinki wurin farkewa ne.

Alamun da ake dubawa

Kayan da aka gwada a Turai suna ɗauke da tambarin CE da ɗan zanen mutum bisa moto, tare da lamba. Ga riga da wando lambar ita ce EN 17092, kuma aji-aji ne. Ajin A shi ne mai sauƙi, na yawon cikin gari. AA na tafiyar hanya ne. AAA shi ne mafi ƙarfi, kuma mafi nauyi da zafi. Akwai B, wanda ke jure gurzuwa amma ba shi da robobin tare buguwa, da C, wanda robobin kawai yake riƙewa, sai an ɗora wata riga a kansa.

Su robobin nasu lambar daban. Na kafaɗa, gwiwa da kwankwaso EN 1621-1, na baya EN 1621-2, kuma kowanne akwai mataki na 1 da na 2, na 2 ya fi shanye bugu. A lura da wannan: riguna da yawa aljihun baya kawai gare su, da guntun soso a ciki. Sosan nan ba kariya ba ne, sai an saye na gaske an saka. Safar hannu lambarta EN 13594, takalmi EN 13634. Tambarin jabu ma akwai shi a kasuwa, saboda haka bayan an ga lamba a sake duba kauri da ɗinki da hannu.

Da wanne za a fara

Ba kowa ke iya sayen komai rana ɗaya ba, kuma ba sai an yi haka ba. Ga yadda muke ganin ya kamata a bi.

Na farko kaske, wato hular kwano. Ba fata ba ce, amma ba a maganar sauran kaya sai da ita. Alƙaluman da Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana bayarwa sun nuna sanya ta yadda ya dace na rage haɗarin mutuwa da kashi 42 cikin ɗari, raunin kai kuma da kashi 69. A duba jikin igiyar haɓa, akwai ɗan ƙyalle mai harafin E cikin da'ira, shaidar gwajin ECE 22.05 ko sabonsa 22.06. Hular magina ba kaske ba ce, rawani ma haka. Wadda ba a ɗaure igiyarta ba kuwa, ita ke fara tashi ta bar kai.

Na biyu safar hannu. Duk mai faɗuwa hannu yake fara kaiwa ƙasa, ba ya ma sanin ya yi. A Faransa tun watan Nuwamba na 2016 doka ta tilasta safar hannu mai tambarin CE ga direba da wanda ya goya. A nan ne fatar akuya ke da daraja, don tana da laushi da ƙarfi tare, yatsa na jin birki. A nemi mai ninki biyu a tafi, mai tauri bisa gaɓoɓin yatsu, mai maɗauri a wuyan hannu. Ɗaure ta ka ja da ɗaya hannun: in ta zare, to a titi ma za ta zare. Mai yankakkun yatsu ba ta wadatar ba.

Na uku takalmi. Silifa da takalmi mai buɗaɗɗen baki sun jawo wa mutane da yawa asarar yatsun ƙafa, ga ƙunar salansa. Ana son takalmin fata da ya rufe idon sawu, mai tafin da ba ya murɗewa. Kama shi gaba da baya ka murɗa kamar mai matse wanki: in ya bi, ba zai tsare ƙafa ba ranar da moto ya danne ta. In mai igiya ne a cusa igiyar ciki kada ta kama giya.

Sai riga, sannan wando. Wanda bai kai ga wandon fata ba, akwai wanduna masu kama da jins da aka yi wa shafi da zare mai ƙarfi irin su Kevlar, da roba a gwiwa. Sun fi dacewa da mai zuwa ofis ko makaranta.

Maganar zafi

Nan ne ƙasarmu ta bambanta da inda ake ɗinka kayan. A watan Afrilu da Mayu zafi kan wuce digiri 40 a Maradi, Damagaram, Tawa da Yamai. Ɗan kabu-kabu da ke tsaye yana jiran fasinja, in ya sa baƙar rigar fata mai kauri, kafin azahar zai tuɓe ta, ko kuma gumi da jiri su kama shi, wanda shi ma haɗari ne a kan hanya. Rigar da ke rataye a ƙusa ba ta tsare kowa.

Don haka a zaɓa gwargwadon hanya. Mai zirga-zirga cikin gari ya samu kaske, safar hannu ta fata mai ƴan huje-huje, da takalmi, riga kuma mai raga-raga ta ajin A da robobinta a ciki, ko da ba fata ba ce. Mai doguwar tafiya bisa babbar hanya mai lamba 1, misali daga Maradi ta Tasawa zuwa Damagaram, ko daga Ƙonni ya hau hanyar Tawa, gudunsa ya fi yawa, ga manyan motoci, ga dabbobi da amalanken da ba fitila. Shi ya kamata ya nemi fata ta ajin AA, mai ƙananan huji a ƙirji da hannuwa don iska ta shiga, mai shafin ciki da ake cirewa. Launi mai haske ya fi baƙi sanyi, kuma an fi hango shi. In akwai zanen da ke ƙyalli da dare, ya ƙara kyau. A bazara a tashi da sassafe, a riƙa tsayawa shan ruwa. Lokacin ɗari kuwa, Disamba da Janairu, ai fata ba ta da na biyu wajen tare iska.

Gwaji kafin biya

Kada a gwada riga a tsaye kawai. Hau moto, miƙa hannu ka kama kai. Hannun rigar ya rufe wuyan hannu, bayanta kada ya ɗage ya bar tsatso a waje, robar gwiwar hannu ta zauna daidai bisa ƙashi. In kana iya juya ta da yatsa ta koma gefe, rigar ta yi maka yawa. Fata kan ɗan saki bayan an sa ta, don haka gara ta ɗan kama jiki da ta yi burum-burum. A ja zif sama da ƙasa, a duba hammata da kafaɗa ko zare ya ruɓe.

Babbar riga da jallabiya a naɗe su a sa a jaka, a saka in an isa. Haka ma iyayenmu mata da ake goyawa: bakin hijabi, gyale ko zane da ke lilo kusa da ƙafar baya na iya shiga sarƙa ya fizgo mutum. A tattare shi a zauna a kai. Kuma wanda aka goya, titi ɗaya zai faɗa da direba, shi ma yana buƙatar kaske.

Ga ƴan uwa da ke waje

In za ku aiko, ku nemi awo da santimita tukuna: kewayen kai daga saman gira, kewayen ƙirji, tsawon hannu, kewayen tafin hannu, da lambar takalmi. Haruffan M da L ba daidai suke ba daga kamfani zuwa kamfani. Rigar fata da aka taɓa sawa ba laifi in ɗinkinta lafiya, tana ma da araha sosai. Amma kaske sabo za a saya, don wanda ya taɓa buguwa yana iya lalacewa daga ciki ba a gani. Ku tuna da zafin gida, ku bar rigar hunturun Turai mai auduga a ciki. In kuɗin bai kai ga duka ba, kaske da safar hannu sun fi riga ita kaɗai.

Ina dukawanmu

Fata dai ba baƙuwarmu ba ce. Jar akuyar Maradi ta yi suna a duniya saboda kyan fatarta, kuma majema da dukawan Damagaram sun daɗe suna aikin jakunkuna, takalma da matasan kai. Sai dai jimar bagaruwa kan bushe ta yi tauri in ta sha ruwa, kuma kayan gida ba a gwada su da injin gurzuwa ba. Inda baduku zai fi taimaka maka shi ne gyara: ya ƙara ninki a tafin safar hannu, ya sake ɗinkin da ya saki da zare mai ƙarfi, ya canza zif, ya rage rigar da aka aiko ta yi yawa.

Kula da kaya

Ƙura da gumi da iskar ɗari su ke busar da fata har ta tsage. A goge ta da ɗanyen tsumma, a bari ta sha iska a inuwa, a riƙa shafa mata man gyaran fata sama-sama. Kada a sa mata baƙin mai ko kalanzir. In ruwan damana ya jiƙa ta, ba a shanya ta a rana ko kusa da wuta, kuma ba a ƙulle ta cikin leda, sai ta yi funfuna. Bayan kowace faɗuwa a duba ɗinki da robobi, wanda ya tsage a canza shi kafin a sake hawa.

Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa gida lafiya.