Lalata bayanan faifan CD da DVD

Lalata bayanan faifan CD da DVD hanya ce ta tabbatar da cewa babu wanda zai iya sake karanta abin da aka adana a kan faifai bayan an daina amfani da shi. Ofisoshi da asibitoci da makarantu da masu ɗaukar hoto sun daɗe suna ajiye takardu da hotuna a irin waɗannan faifai, kuma faifan da aka jefar a bola yana iya karantuwa bayan shekaru.

Yadda bayanai ke zama a faifai

Kamfanonin Philips da Sony ne suka fito da CD a shekarar 1982. Faɗinsa santimita 12, kaurinsa milimita 1.2, kuma yana ɗaukar kusan megabait 700. DVD mai shimfiɗa ɗaya yana ɗaukar gigabait 4.7. Hasken leza ne ke karanta bayanan, shi ya sa maganaɗisu ba ya goge su. A CD, shimfiɗar bayanan tana dab da gefen da ake rubuta suna. A DVD kuwa tana tsakiyar faranti biyu na roba da aka manne, don haka karce bayansa ba ya kaiwa gare ta.

Hanyoyin lalatawa

CD-R da DVD-R sau ɗaya ake rubutu a kansu, ba su goguwa, sai dai a lalata faifan kansa. CD-RW da DVD-RW suna goguwa, amma gogewar gaggawa jerin sunayen fayiloli kawai take cirewa, ainihin bayanan suna nan. Karce gefen da ke ƙyalli bai wadatar ba, domin ana iya goge robar ta yi sumul, faifan ya sake aiki. Hanyoyin da aka amince da su sun haɗa da kankare shimfiɗar bayanan CD gaba ɗaya, daddatsa faifai da inji, niƙe shi, ko ƙona shi a tanderun masana'antu. Ma'aunin DIN 66399 na ƙasar Jamus ya kasa daddatsawar zuwa mataki bakwai, daga O-1 zuwa O-7, gwargwadon ƙanƙantar gutsattsarin.

A Najeriya

Faifai sun yaɗu a Arewa ta hanyar fina-finan Hausa, waɗanda kasuwar Ƙofar Wambai a Kano ta zama babbar cibiyar sayar da su. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta hana hukumomi da kamfanoni riƙe bayanan mutane fiye da lokacin da ake buƙatarsu, ta kuma ɗora musu alhakin kare su daga faɗawa hannun da bai dace ba. Wannan ya shafi tsofaffin faifan da ke jibge a ma'ajiya.

Illa ga muhalli

Ƙona faifai a fili yana fitar da hayaƙi mai cutarwa, kuma robarsu ba ta ruɓewa. Gutsattsarin da suka shiga shara na iya ƙarewa a gona, tunda manoman kewayen Kano suna amfani da takin bola, ko a magudanan noman rani irin na Kura da Bunkure da ke samun ruwa daga madatsar Tiga. Ana iya sake sarrafa robar idan an tattara ta daban.